Numfashin Rabi

Zuwa ga ɗana Isuhu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Hadiza da yara, yaya zaman Yamai? Mu nan Mayahi lafiya, sai ciwon gwiwa.

Maganar Rabi ce, 'yar marigayiya ƙanwarka. Har yanzu da baki take numfashi, ga minshari. Bara na sa wanzami ya cire mata belu, ba abin da ya canza. Da ta fara barci a aji, malaminsu na lakwal, wato makarantar boko, ya kai ta Maradi. Likitan haƙori ya ce ganɗarta ce ta matse, iska ba ta wucewa sosai ta hanci. Sai an sa mata ƙarfe a baki, ana dubawa duk wata. Ba ni iya wannan zirga-zirga.

Na ce mata wurinka za ta koma. Ta ce, "Kai tsoho, wa zai ɗauko maka buta?" Na ce buta ba ta fi ƙarfina ba tukuna.

Ka zo da wuri, kafin in sake shawara. Minsharin nan shi ke shaida mini akwai mutum a gidan.

Ku sa mu a addu'a. Ka gaida surukanka.

Mahaifinka