Filayar Baba Ba Ta Ɓuya

Auta,

Na fita kana barci, motar ma'aikata ba ta jira.

Baba ya gane. Da safe famfo ya sake ɗiga, ya laluba akwatinsa ya ɗauko filaya. Yana riƙe ta ya ce, "Wannan ba tawa ba ce." Dole na gaya masa tasa ta karye a hannunka jiya, ka ruga ka sayo mai kama da ita, har ka shafa mata baƙin mai don ta tsufa.

Kada ka damu, bai yi faɗa ba. Dariya ya yi har da tari. Ya ce waccan ta girme ka, ta ci zamaninta.

Amma sabuwar ba ta da kirki. Ya girgiza ta a kunne, ƙusar tsakiya na ƙara. Ya buɗa bakinta ya kama noti, ta zame ta matse masa tafin hannu. Ya ce araha ba ta ado, kuma haƙoran bakinta ake dubawa, ba sunan kamfani ba.

Ka mayar da ita yau, amma kada ka zaɓo wata kai kaɗai. Ka tafi da shi. Idonsa ne ya yi rauni, hannunsa bai manta ba. Ka bar shi ya taɓa ta kowane kamfani, ko da zai cinye maka yini.

Tun da ya bar aikin famfo ba wanda ya nemi shawararsa. Na baro shi bakin ƙofa, har ya sa hula.

Yayarka