Tukunyar Baffa Zira

Lokoja, ranar Talata

Maigidana Nehemiah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya ƙafar nan da kake ɓoye mini ciwonta? Na san a Belel sai an hau tudu ake samun sabis, shi ya sa nake rubutu a takarda in turo maka hotonta.

Mun iso taron shekara-shekara na ma'aikatan gidajen tarihi lafiya. Kowa ya zo da abin nunawa daga yankinsa, ni kuma da tukunyar kakanninku da Baffa Zira ya ba ni aro a Betso. Tun daga Mubi a cinyata ta zo cikin zane, har kwandasta ya tambaye ni ko jariri ne.

Kai ka ce in roƙe shi tunda ba ya hana ni komai, kuma bai hana ba. Amma ba ka ga yadda ya daɗe yana shafa baƙin ɓawon da ke jikinta kafin ya miƙo mini ba. Ya ce kunun da ubansa da kakansa suka riƙa zuba mata kafin shuka ne ya taru ya zama haka, kuma lallai ta dawo kafin ruwan farko.

Yau an karɓi kayan kowa an kulle a ɗaki guda. Na so in ƙi, sai abokin aikina Abdullateef ya ce kada in ba Mubi kunya a gaban manya. Na miƙa, na gaya wa mai karɓa kada a taɓa ta. Tun lokacin hankalina bai kwanta ba. Ka yi dariya in ka so, kai dama tsoron kowa abin wasa ne a wurinka.

Taka har kullum,
Salome

Lokoja, ranar Alhamis

Maigidana,

Ina fata kana lafiya. Ni dai jiki ne kawai lafiya.

Ka zauna kafin ka karanta. Da safe an yi darasin yadda ake tsabtace tsofaffin tukwane. Wata ƙwararriya ce ta koyar, dattijuwa mai fara'a. Ta ce jiya ta shiga ɗakin ajiya ta zaɓi tukunyar da ta fi kowace datti, ta yini a kanta don ta nuna mana. Da aka haska hoton farko a bango, na gane ta. Sai aka shigo da ita a kan faranti, ja jawur, har zanen bakinta ya fito. Zauren ya ɗauki tafi.

Da na yi wa matar bayani, ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, idonta cike da ƙwalla. Ba wanda ya gaya mata. Ban ma iya jin haushinta ba, kuma ɓawon ya riga ya bi ruwa.

Abdullateef ya ce abu ne mai sauƙi: a yi mata ɓawon ƙarya da ƙaro, toka da baƙin tukunya, kamar yadda muke yi wa kwaikwayon kayan da muke ajiyewa don 'yan makaranta. Ya ce ai tsohon ba ya gani sosai. Na ƙi. Baffa da hannu yake gani, kuma ba shi kaɗai nake tsoro ba. Ni mai zuwa coci ce, ka sani, amma waɗanda aka zuba wa kunun nan kakannin 'ya'yana ne. In damina ta ƙi, ko wani ya kwanta ciwo a gidan, sunan wa za a kira?

Kada ka gaya wa kowa tukuna. Ka yi mini addu'a.

Matarka,
Salome

Mubi, ranar Litinin

Maigidana Nehemiah,

Gaisuwa da fatan alheri. Yara suna lafiya, suna tambayarka. Ba ka amsa ba, ina jin ba ka hau tudun ba.

Jiya bayan sujada na hau acaɓa zuwa Betso, na ƙarasa da ƙafa. Duk hanya ina shirya maganar da zan faɗa. Na samu Baffa a gindin tsamiya, ya yi murna, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi mutanen Lokoja kamar ya san su. Na durƙusa na kwance zanen.

Ya ɗauke ta, ya bi ta da yatsu daga baki har gindi, ya sansana. Na sunkuyar da kai ina jiran tsawa. Sai na ji ya yi 'yar dariya.

"Yarinya na, wannan ba namu ba ne. Sun musanya miki. Ki mayar musu, ki karɓo namu."

Ya ce kada in damu, inda tukwane suka yi yawa dole a yi kuskure, kuma mai wannan ma yana can hankalinsa a tashe. Da hannunsa ya sake naɗe ta a zane don kada ta mutane ta fashe. Har gyaɗa ya sa aka ɗaure mini, wai guzurin hanya.

Nehemiah, ban gaya masa gaskiya ba. Da ya zage ni da na iya faɗa masa. Na karɓi gyaɗar, na yi godiya, na dawo da tukunyar gida. Tana ƙarƙashin gadonmu, na hana yara shiga ɗakin.

Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Kamaru. Don Allah ka bar komai ka zo mu je wurin Baffa tare mu faɗa masa, ni kaɗai ba zan iya ba. Ɗazu Baffa ya aiko a tambaye ni yaushe zan tafi Lokoja, wai ya riga ya jiƙa dawar kunun.

Ni ce matarka mai jiranka,
Salome