Ƙofar Goggo Hussaina

Litinin, 13 ga Janairu

Yau a kasuwa motar ƙaramar hukuma ta zo da lasifika, aka karanta mana kasafin kuɗin bana. Za a yi kwalbati, za a gyara asibiti, za a gina wa 'yan kasuwa masauki. Muna ta tafi kamar wawaye, sai can ƙarshe mutumin ya rage murya: harajin gidaje ya ƙaru, kuma duk ɗakin da ƙofarsa ke kallon titi, shago ne, kuɗinsa daban. Nan take tafin ya mutu.

Ni dai magini ne. Sai na ji ƙanshin aiki.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Aiki kam ya samu. Duk garin nan toshe ƙofa ake, tun daga bakin tasha har hanyar Illo. Bulo layi-layi, a shafe da filasta, shi ke nan shago ya koma bango. Har mai shayi ya ce in toshe masa, zai riƙa miƙo kofi ta taga. Riskuwa, matata, ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin na dawo gida ina waƙa ba sai bana.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na je gaida Goggo Hussaina, ƙanwar babana. Na ce ko in toshe mata ɗakin waje kyauta, tunda ita uwa ce. Wallahi da na sani da ban buɗe baki ba.

Ɗakin nan ba shago ba ne, ko allura ba a taɓa sayarwa a ciki ba. Matan Dendi da ke tahowa daga ƙetaren iyaka, ƙasar Benin, da manja da garin rogo, nan suke kwana duk jajibirin kasuwa, ba ta karɓar ko sisi. Tun ina yaro haka na gan shi, ba kwaɗo ba sakata.

Na ce, "Goggo, ai sai a huda wata ƙofar ta cikin gida, su riƙa bi ta zaure."

Ta ajiye ludayin suyar ƙuli, ta kalle ni. "Arzika, wanda ya bi ta zaure sai ya yi sallama ya jira a ba shi izini. Matan ga ban so su roƙe ni. Tura ƙofa su kai su shiga."

Ta ba ni ƙuli mai zafi, ta ce in tafi in toshe wa masu tsoro. Matar nan! Na fito ina jin haushi, kuma ina dariya.

Talata, 8 ga Afrilu

Malam Gidaɗo mai haraji ya iso layinsu Goggo da fentin da yake shafa wa ƙofofin da za a caza kuɗin shago. Ina aiki a gidan da ke kallon nata, komai a idona. Mutumin kirki ne, Allah ya sani. Ya matsa kusa da ita ya ce ta jingina zana a ƙofar na yini ɗaya, shi kuma zai wuce kamar bai gani ba.

Goggo ta ce, "Kai da idonka biyu? Ƙofa ce, kuma titi take kallo. Shafa abinka, ɗana, kar a kore ka aiki sabili da ni."

Ya shafa jan fenti yana sunkuyar da kai, kamar shi aka kama. Har ruwa ta sa aka kawo masa.

Laraba, 9 ga Afrilu

A layin nan duka ƙofarta kaɗai ke da jan fenti. Sauran ni na rufe su.

Laraba, 30 ga Afrilu

An kira taron sauraron koke a makarantar firamare. Maza sun cika aji, kowa na rantsuwa ba shi da shago. Sai ga Goggo da sandarta da tsohon mayafinta mai ƙanshin mai. Na so ƙasa ta tsage in shige, don na san ba shiru za ta yi ba.

Ba ta roƙi ragi ba. Cewa ta yi, ta ji a lasifika an sa masaukin 'yan kasuwa a kasafin bana, tana son a nuna mata inda anka aza harsashi ta je ta sa albarka. Kansila ya ce ana kan shiri. Ta ce, "To madalla. Kafin ku gama shirin, ni ke riƙe muku baƙinku. Zan biya, amma ku sani aikinku nika yi kuna caza ta."

Aji ya ɗauki sowa, har kansilan ya yi dariya ya ce a rubuta. Ko an rubuta oho. Ni dai na riƙe mata sanda har gida, ina tafe ina ɗaga kai kamar ni na yi maganar.

Juma'a, 16 ga Mayu

Sadisu ya kira daga Birnin Kebbi. Shi ne ɗan Goggo guda, malamin makaranta, kuma shi ke ɗauke da gidan. Ya ce kuɗin ƙuli ba zai biya wannan haraji ba, kansa zai dawo, ga maganin hawan jininta, ga 'ya'yansa. "Yaya Arzika, baƙin Benin ne za su saya mata magani?" Gaskiya ya faɗa.

Ya ce mako mai zuwa za ta Zagga bikin suna, ta kwana biyu. In toshe kafin ta dawo, idan ta ga aiki ya gama za ta haƙura. Wa'adin toshe ƙofa a tsira daga harajin ƙarshen wata ne.

Na ce to. Ban gaya wa Riskuwa ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ta tafi jiya. Na fara bayan azahar. Na cire ƙyauren, na jera bulo ya kai ƙugu, sai hadari ya haɗo, ruwan farko na kirki a bana. Na ja leda na rufe aikin, na fake a zaure.

Wallahi na manta yau jajibirin kasuwa. Ko kuma na so in manta.

Gab da magariba matan Dendi suka iso, wasu a kabu-kabu wasu a ƙasa, jarkokin manja a ka, sun jiƙe sharkaf. Suka yi cirko-cirko gaban bangon. Matasan cikinsu suka fara surutu da Dendi, ban ji ba. Tsohuwarsu, Gambi, wadda ta fi shekara talatin tana kwana a ɗakin, ta sauke kayanta a cikin taɓo, ta dafa bulon da hannu. Ta waiwayo ta gan ni, ta ce da Hausarta mai tsinkewa, "Yaro, Hussaina ya mutu?"

Na ce a'a, tana Zagga, lafiyarta lau.

Ta ce, "To wa ya yi wannan?"

Ga cokalin gini a hannuna. Na ɗauke musu jarkokin ɗaya bayan ɗaya na tsallakar ciki. Ita Gambi gwiwa ba ta bari ta haura ba, sai da na ciccibe ta kamar buhun gero. Tana ta yi mini godiya. Godiyar ce ta fi ci mini rai.

Ban ci tuwo ba.

Litinin, 26 ga Mayu

Simintin nan ba shi da kyau. Ruwa ya taɓa shi, ko da na bari ba zai yi ƙarko ba, kuma ni ba na barin aikin banza da sunana. Shi ya sa na sauke bulon bayan asuba, na mayar da ƙyaure. Haka na gaya wa Sadisu. Ya ce, "Yaya, kai ma ta cinye ka." Na ce batun siminti nake yi masa.

Goggo ta dawo da la'asar. Ta tsaya ta daɗe tana kallon sawun siminti a jikin ƙofar, na tabbata matan sun riga sun ba ta labari a kasuwa. Jira nake ta wanke ni tas. Sai ta ce, "Arzika, ka ci abinci kuwa?"

Da yamma na bi ta wurin Malam Gidaɗo. Na tambaye shi ko ana yarda mutum biyu su haɗu su biya wa ƙofa ɗaya. Ya ce ana yi, wa da wa? Na ce tambaya kawai na yi.

Ya ce in zo ranar Laraba da safe.