Nanay Ba Mayya Ba Ce

Zuwa ga yayata Manang Pilang, a Kapis,

Gaisuwa mai yawa daga Jamus. Ya ƙafarki? Ya su Doming da jikoki? An gyara rufin kafin ruwa?

Ni lafiya lau. Sanyi ne dai, kuma shinkafarsu ba ta da ƙamshi. Ki aiko busasshen kifi. 'Yarki, Likita Marivic, ke rubuta mini wannan, don haka ba zan yabe ta sosai ba.

Shekara ashirin tana bin ciwon lubag, wanda ya murɗe wuyan ƙannenmu biyu har mutanen gari suka ce mahaifiyarmu Nanay ce ta cinye su. Yau likitocin ƙasa huɗu da aikinta suke koyarwa. Amma zanen zuriyarmu ya ƙi daidaituwa, sai ta ɗauko ni. Na ce takardar coci ta yi kuskure, kakarmu riƙonta aka yi, na jero iyaye mata bakwai da ka. Wani farfesa ya ce, “Tsoho, ina shaidarka?” Na ce, “Ku tambayi jinin.” Da aka gwada, jini ya bi bayana.

Gado ne, Manang, uwa ke ba ɗa ba da saninta ba. Ki je kabarin Nanay ranar Lahadi, lokacin da mutane suka cika, ki faɗa mata da ƙarfi cewa ita ba mayya ba ce.

Rawar da hannuna ya fara kuwa ta sanyi ce, ba ta lubag ba. Marivic ta ajiye biro tana kallona. Na ce ta rubuta yadda na faɗa.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Melesiyo