Faifan Yaya Barau a Rana

Gumel,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanena Aminullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali a can Kumasi. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, damina ta yi kyau, geron Gagarawa har ya fara fitar da kai, 'yarka Zakiyya kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Amma ni raina a ɓace yake, kuma kai kaɗai za ka gane dalili. Ranar Laraba na tafi ta'aziyya Sule Tankarkar, aka tafka ruwa a bayana, kwanon ɗakina ya yi yoyo daidai kan akwatin faya-fayan garmahona na kiɗan jaz. Abokiyar wasanka Lauratu, uwargidana, ta ga sun jiƙe. To ka san ta, duk abin da ya jiƙe maganinsa rana ne, ko gero ne ko katifa. Da hadari ya washe ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zare su daga kwalayensu, ta jera su ɗaya bayan ɗaya, talatin da bakwai, har tana juya su don kowane gefe ya samu. Na dawo da la'asar na tarar duk sun lanƙwashe kamar fatar layya da aka manta ba a kafe ba. Na ɗora ɗaya, allura ta hau ta gangaro, mai busa ƙaho ya koma kamar ɗan akuyar da ake ja zuwa kasuwar Maigatari.

Na yi faɗa, Allah ya yafe mini. Ta ce ai gyara ta yi niyya, kuma shekara arba'in tana jure wa wannan kiɗa marar kai marar gindi, wanda ba waƙa ba amshi, ba ta taɓa ɗaga masa hannu ba. Gaskiyarta. Yara suka ce in daina tayar da hankali, komai yana cikin waya yanzu. Sun nemo mini yawancinsu, ina ji, amma ba ƙaran nan na allura kafin ganga ta shigo, kuma abin bai kai mini zuci ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na marigayi Yaya Barau, wanda ya sayo a Damagaram kana tare da shi, shekarar da na fara aiki. Ka tuna shi: piyano ya fara shi kaɗai a hankali, kamar mai neman hanya, sai ƙaho ya biyo. Shi Yaya yake sawa duk ranar Juma'a bayan an sauko, yana kaɗa ƙafa. Kwalinsa ya ɓata tun kafin ka tafi, takardar tsakiya ta goge, ni kuwa ban taɓa riƙe sunan makaɗin ba, na Yaya kawai nake ce masa. Waya ba ta nemo abin da ba suna. Na gwada yi wa yaran da baki, sai na tarar rabinsa kawai nake iya kamawa. Wannan ya tsorata ni, Aminullahi.

Jiya da safe ina zaune ina kumbura, sai na ji Lauratu tana tankaɗe a madafi tana rera shi ƙasa-ƙasa, daga farko har ƙarshe, har wurin da allura take tsalle ta maimaita. Ba ta ma san tana yi ba. Na yi kamar ban ji ba, don har yanzu ban gama fushi ba.

Ranar Juma'a zan kira ka in miƙa mata waya. Ka lallaɓa ta ta rera maka, kai ba ta ƙin maganarka, wataƙila sunan ya faɗo maka. In bai faɗo ba, sai mu yi ta roƙa mata tsawon rai, don ita ce faifan da ya rage mana.

Ka gaida Jannatu, da Anas da matarsa. Zakiyya na gaishe ka.

Yayanka,
Ladan