Hanyar Da Kowa Ya Bi Ban Da Ni

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, kada ku damu, abinci ne dai ba ya shiga kwanakin nan.

Kin tuna aikin da na ce zai dawo da ni gida? Maigidana ya sa in tsara wa kamfaninmu keɓaɓɓiyar hanya ta intanet, wadda ake kira VPN, yadda ma'aikaci zai shiga kwamfutocin ofis daga ko'ina, bare bai leƙa ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Gama wannan, ka je ka yi aikinka kusa da tsohuwarka."

Na tsara, na raba wa kowa mabuɗinsa, na gwada har ta zauna daram. Akantanmu ta koma garinsu. Ƙanin maigida daga kan gadonsa yake aiki. Da na kawo maganata, ko ɗago kai mutumin bai yi ba. Wai, "Haba, in ta lalace wa zai gyara? Dole ka zauna kusa da na'urar."

Na'urar kuwa tana wani ɗaki mara taga, mai sanyi kamar firji. Nan ne ofishina yanzu.

Don Allah ki ce wa Inna ta daina share ɗakina, amma ki bi ta a hankali. Allah ya ƙara mata lafiya, ya raya yara.

Da hannuna na buɗe wa kowa ƙofar gida, Yaya, ni aka bari gadi.

Ƙaninki.