Ba Su Sare Ko Itace Ɗaya Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Hajara, mai abincin ƙofar luzin a Sokode.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da durƙuso irin wanda kika koya mini, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Rabi ce, autarki, daga Dapaong. Jikokinki suna lafiya, maigidan ma lafiya, yana kan hanya da motar kaya kamar kullum. Na san takarda ba ta isa inda kike, shi ya sa na rubuta ta inda kowa zai gani. Wanda ya karanta ya yi miki addu'a, wanda abin ya shafa kuma ya ji kunya, in yana da ita.

Mma, na je Sokode ziyararki, ban same ki ba. Na shiga har filin da aka kwantar da ke, na tsaya da ƙafafuna, amma ba wanda ya iya nuna mini ya ce ga Mma nan. Har Yaya Salisu, ɗanki na fari, wanda ya sa ki a ƙasa da hannunsa, ya kasa. Bari in faɗa miki yadda aka yi, don abin ya tsaya mini a wuya.

Kin tuna luzin, wato masana'antar gurzar auduga da Baba ya ƙare ƙarfinsa a ciki. Da jiniyarta unguwarmu take tashi, da ita take ɗora tukunya. Kafin ta yi kukan rana kin riga kin girka wake da shinkafa a bakin ƙofa, ni kuma ina riƙe da faifai. Ma'aikata su fito fari fat, gashin ido ma auduga, suna tari suna tsokanarki wai yajin yau ya yi kaɗan. Ke ko ba ki da lokacinsu, ni kike yi wa faɗa: "Rufe tukunya, Rabi, shinkafa suka zo ci, ba auduga ba."

A bayan katangar luzin ɗin muke kai namu in sun rasu. Tun zamanin kakanni mutanen layinmu ba sa ɗora siminti, ba sa rubuta suna. Reshen aduruku ake yankowa a kafa wajen kai, ya kama ya zama itace, shi ke nan alama. Kuma ba ma kiran wurin da sunansa. Itace muke cewa: itacen Baba, itacen Malam Garba, za ni wurin itatuwa. Na taɓa kiran sunan abin ƙarara ina yarinya, kika make mini baki da bayan ludayi, kika ce mutum mai tarbiyya ba ya kiran ɗakin manya haka gatsau. Ban sake ba. Ke da kanki kika bar wasiyya, kina dariya: "Kada wanda ya ɗora mini siminti, tukunyar da na ɗauka a ka ta ishe ni nauyi."

Da luzin ta mutu kina raye, kin ga abin da ya biyo baya. Jiniya ta yi shiru, aka kwance injuna aka loda a motoci aka yi kudu da su. Maza masu iyali suka koma zemijan, kowa da babur na haya, suna tsaye a rana sun fi fasinja yawa. Yaya Salisu da ya gaji Baba a ɗakin injin shi ma ya hau. Mijina ya ga ba zama, ya kwashe mu zuwa Dapaong. Ke kuwa kika ƙi barin ƙofar nan. Babbar tukunya ta koma matsakaiciya, matsakaiciya ta koma 'yar ƙarama, kina zaune kina korar ƙuda, wai kada wani ya zo da yunwa ya tarar ba kowa. Raina ya sha ɓaci a kan wannan taurin kan naki, kin sani.

Ranar da aka ɗauke ki, mata ba sa bin gawa, don haka iyakata bakin zaure. Abu ɗaya na samu na yi miki. Na ɗauki wuƙarki ta yankan albasa, na zaga bayan madafa, na yanko reshe daga shingen adurukun da kike shanya zannuwanki. Na miƙa wa Yaya ana fita da ke. Da damina ta sauka ya aiko mini cewa ya kama. Duk zuwan da na yi gida bayan nan, sai ya tsayar da babur a bakin hanya ya nuna mini ta saman katanga: wancan mai kai biyu, wanda ya karkata wajen bango. Daga nan nake yi miki sallama. Ban taɓa shiga ba, amma na san inda kike, kuma wannan ya ishe ni.

Sai ga masu farfaɗo da gari. Haka suka kira aikin. Suka kafa manyan alluna da zanen yadda wurin zai koma: shaguna a jere cikin tsohon ginin luzin, zauren taro, wurin ajiye motoci, da lambun shaƙatawa. Suka ce Sokode za ta tashi, kasuwancin arewa duka ta nan zai riƙa bi, samari za su sauka daga babur su kama aikin yi. Wallahi, Mma, mun yi murna. Wa zai ƙi? Shekara da shekaru muna kallon kangon nan yana tara macizai da 'yan shaye-shaye.

Suka kira taron unguwa. Yaya yana ciki, shi ya ba ni labari. Baƙin da Faransanci suke magana, aka sa wani saurayi ɗan gari, Bakotokole da ya koyi Hausa a kasuwa, ya yi tafinta. Limaminmu ya miƙe da ladabinsa ya ce ba su da ja da aikin, abu ɗaya ne damuwarsu, itatuwansu da ke bayan katanga, domin a nan iyayensu suke hutawa. Yaron ya juya ta yadda ya ji: tsofaffin unguwa suna son itatuwan, a inuwarsu suke hutawa. Shugaban baƙin ya ji daɗi ƙwarai, ya dafa ƙirji ya ce ba za a sare ko ɗaya ba, har ma za a gyara wa tsofaffin wurin hutun. Aka mayar da wannan Hausa. Dattawanmu suka yi hamdala, suka shafa fatiha, suka sa musu albarka. A kunnensu, an yi alkawarin ba za a taɓa ku ba ke nan.

Aka kewaye wurin da kwano, aka kawo ma'aikata daga nesa. Ba mai leƙawa. Daga waje ana hango kawunan itatuwa, wata rana a ga an rage musu ganye, a ce ai gyara ne. Yaya ya taɓa neman shiga, maigadi ya ce sai an gama.

Da aka buɗe Yaya ya kira ni, muryarsa wata iri, ya ce in zo kawai. Na hau mota daga Dapaong. Ya ɗauko ni a tasha, ya wuce da ni wurin kai tsaye.

Katanga babu ita, Mma. An zuba jar ƙasa an baje, an shimfiɗa ciyawa, an yi hanya da duwatsun daɓe ta ratsa tsakiya. Adurukun kuwa duk suna nan. An tuge su ɗaya bayan ɗaya, an jera su layi biyu a gefen hanyar, sambal, an datse kawunansu tsayi ɗaya, an shafa wa gindinsu farar ƙasa. Kin san aduruku ba ya gardama, duk inda aka kafa shi zai kama, to sun kama. Ba mai kai biyu, ba wanda ya karkata. Tsakaninsu ga bencina na siminti, samari da 'yan mata suna zaune suna ɗaukar hoto da waya.

Ranar ce rana ta farko da na taka filin da kike, kuma ba wanda ya hana ni, tunda yanzu lambu ne, mace ma tana shiga. Na cire takalmina a bakin ƙofa na riƙe a hannu, don ban san a kan wa zan ɗora ƙafa ba. Yaya ya yi gaba ya dawo, ya dafa wannan itace ya dafa wancan, ya juya yana neman bangon da yake kwatance da shi. Daga baya sai ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Mutumin da ko ranar da aka sallame su daga luzin ban ga hawayensa ba.

Mai kula da wurin ya hango mu ya taho, wani matashi mai fara'a, da 'yar Hausarsa. Ya ɗauka zafi ne ya kayar da Yaya, ya nuna masa benci. Ya ce ai don tsofaffin Zongo, wato unguwarmu, aka yi su, su suka roƙa. Sannan ya buɗe hannu yana nuna layin da alfahari, ya ce: "Kin gani, Hajiya? Ba mu sare ko itace ɗaya ba."

Mma, ki yafe mini, na karya dokarki. Na ce masa: "Kabari ne. Kowane itace kabari ne. Uwata tana ƙarƙashin nan." Na faɗa da ƙarfi har masu hoto suka waigo. Fara'ar ta bar fuskarsa, ya dubi ƙafafunsa, ya ja da baya ya sauka daga kan ciyawar. Ya rantse bai sani ba, ya ce zai kai maganar sama. Na yarda shi bai sani ba. Saman kuma har yau ba mu ji daga gare ta ba.

Amma kada wani ya ce mini kuskuren tafinta ne kawai, a shafa a wuce. Mutanen da suka auna tsawon kowane bango, suka san irin ciyawar da za ta yi kyau a hoto, ba wanda ya ce wa dattijo ɗaya zo mu zaga ka nuna mini da hannunka. Waɗanda suka tuge itatuwan fa, ba su ga yadda aka jera su duka ta fuska ɗaya ba? Ko sun gani sun yi shiru don kada aiki ya tsaya? Ina jin haushinsu. Ina jin haushin dattawanmu ma, da suka tsaya lulluɓe magana a gaban mutanen da ba su san lulluɓi ba. Ladabin da kika make mini baki a kansa, shi aka bi aka raba ni da ke.

To da ma garin ya tashi, da na ce ko ba komai kun biya wa jikokinku wani abu. Na zaga shagunan, yawancinsu a rufe, haya ta fi ƙarfin 'yan unguwa. Waɗanda suka buɗe baƙi ne masu sayar da waya da turare. Aikin da na ga ɗan layinmu ya samu shi ne gadi da ban ruwan ciyawa. Daidai inda kike girka tukunyarki an kafa allo, an hana mai talla, an hana zemijan tsayawa. Muna fitowa aka busa wa Yaya usur wai ya kawar da baburinsa, yana ɓata gaban wuri.

Yanzu irin allunan nan sun iso Dapaong, an kafa su wajen tsohon ma'ajin auduga, da irin zanen, da irin alkawarin. An ce za a kira taron unguwa. Zan je, ko mata na zuwa ko ba sa zuwa, kuma duk abin da yake da suna da sunansa zan kira shi.

Kafin in baro Sokode na je tsohon gidanmu, da niyyar in yanko wani reshen daga shingenki. Faɗaɗa hanya ta cinye shingen har da madafar. Sai na koma lambun, na tsaya gaban layin nan, na rufe ido na karya reshe daga wanda hannuna ya fara taɓawa. Matashin mai kula da wurin yana kallona, bai hana ni ba.

Na kafa shi a bayan madafata a nan Dapaong. Ban sani ba ko naki ne, ko na Baba, ko na Azumi mai goro da kuka yi shekaru ba kwa gaisawa saboda wurin zama a ƙofar luzin. In nata ne, ki yi haƙuri, da ita za ki zauna a gidana. Ina ba shi ruwan wanke shinkafa kowace safiya, ya fara toho. Ƙaramar jikarki, mai sunanki, ta tambaye ni itacen wane ne wannan. Na ce mata ta miƙo mini ruwan shinkafar in zuba masa.

Ya Allah, Kai ba ka buƙatar itace kafin ka san inda baiwarka Hajara take kwance. Ka yalwata mata, ka haskaka mata, ka sauƙaƙa mata nauyin abin da aka ɗora a kanta ba da sonta ba. Ka jiƙan Baba da Azumi da duk waɗanda ke ƙarƙashin ciyawar nan. Ka sa sallamar da nake yi daga nesa ta riƙa samunta, tunda ni na daina sanin inda zan fuskanta. Waɗanda suka yi aikin kuma, ban iya cewa na yafe ba tukuna, Ka fi ni sanin abin da ke raina.

Ki huta lafiya, Mma, a duk inda kike cikin filin nan.

Autarki mai riƙe miki faifai,
Rabi, daga Dapaong.